Gandu a Gajimare: Tsari da Gudanar da Asusun Bayanai na Intanet a Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Bayanan manoma da na ƙananan asibitoci da makarantu a ƙauyukan arewacin Jihar Kano sun fara barin littattafan rajista suna komawa rumbunan intanet waɗanda ake kira gajimare. Wannan maƙala ta bayyana ma'anar hidimar gajimare, da yadda ake tsara asusunta, da rarraba iko a cikinsa, da sa ido kan kuɗin da yake ci. An yi amfani da tsarin gandu da al'adun riƙon gona na yankin a matsayin ma'aunin fahimta. Maƙalar ta nuna cewa mafi yawan haɗarin da ke fuskantar irin waɗannan bayanai yana tasowa ne daga rashin fayyace mai asusu, da rashin iyaka, da yawaitar makullai a hannun mutane.

Fitilun kalmomi: gajimare, asusu, gandu, bayanan manoma, kariyar bayanai

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Ɗambatta, Makoɗa, Bici, Tsanyawa, Bagwai, Minjibir da Dawakin Tofa, da wuya mutum ya ga gonar da ba ta da mai ita. Tun a shekarar 1965 masana labarin ƙasa Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa nazarinsu kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi cincirindo, gona na manne da gona. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa a tsakiyar wannan yanki ana noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar a kowace shekara, ba tare da barin saura ba. Ƙarancin fili ya tilasta wa mutane tsari. Kowace gona tana da iyaka da aka dasa wa gamba ko lalle ko aduruku, kowane rumbu yana da mai buɗe shi, kuma kowa ya san bambancin gonar gado da ta aro.

A yau yankin ya samu wata sabuwar dukiya da ba a ganin ta da ido, wato bayanai. Sunan manomi, lambar wayarsa, girman gonarsa, bashin da ake bin sa da buhunan takin da ya karɓa duk ana shigar da su ta waya, su tafi su zauna a wasu kwamfutoci masu nisa. Tambayar da wannan maƙala ta tasa a gaba ita ce: wa ke riƙe da wannan dukiya, kuma bisa wane tsari?

2.0 Ma'anar Hidimar Gajimare

Hidimar gajimare ita ce hayar ƙarfin kwamfuta da wurin ajiya da manhajoji ta hanyar intanet, maimakon sayen na'urori a girke su a ofis. Na'urorin na ainihi suna cikin manyan gine-gine da ake kira cibiyoyin adana bayanai, mai haya kuwa yana isa gare su ne da sunan asusu da kalmar sirri. Kamfanin Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa a siffarta ta yanzu a shekarar 2006, daga baya Google da Microsoft suka biyo sahu.

A shekarar 2011 hukumar tsara ma'aunai ta Amurka, NIST, ta kasa hidimar gida uku. Akwai hayar kayan aiki tsagwaronsu, kamar kwamfuta da ma'ajiya, wanda ya yi kama da hayar fili a bar wa mutum ya noma abin da ya ga dama. Akwai hayar dandamalin da ake gina manhaja a kai, kamar a ba mutum gonar da aka riga aka yi wa huɗa. Sai kuma hayar manhaja kammalalliya, irin su Gmail da Google Drive da KoboToolbox, wadda mai amfani ba ya gina komai a cikinta sai dai ya zuba bayanansa. Wannan kashi na uku shi ne ya fi yaɗuwa a karkara.

A dukkan kashin uku, abu guda ya kamata a riƙe: gajimare gonar haya ce. Kamfani ne ke da alhakin tsaron gini da wuta da lafiyar na'urori, amma tsara wanda zai shiga asusu da abin da zai taɓa yana wuyan mai haya. Kamfanonin da kansu suna kiran wannan ƙa'ida raba alhaki, kuma suna rubuta ta a yarjejeniyar da mutane ke amincewa da ita ba tare da sun karanta ba.

3.0 Yadda Bayanan Karkara Suka Shiga Gajimare

Ƙidayar gonaki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. A farkon mulkin Turawa malaman taki sun riƙa auna gonaki da ƙafa domin yanka haraji, kuma littattafan da suka cika suna zama a hannun hukumar gargajiya. Abin da ya sauya shi ne wurin da rajistar take kwana.

A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, ta ƙaddamar da shirin tallafin taki da iri ta wayar salula, inda aka yi wa miliyoyin manoma rajista, ana aiko musu da saƙon karɓar taki a kan rabin farashi. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka fara a watan Nuwamban 2015 ya ƙara ɗaure manomi da lambar BVN da asusun banki. A fannin lafiya, yaƙi da cutar shan-inna ya sa aka zana taswirar ƙauyuka da rugage, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta taimaka wajen bibiyar zirga-zirgar masu riga-kafi ta wayoyin da suke ɗauke da su, yayin da rahotannin asibitoci na wata-wata ke shiga manhajar DHIS2. Shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, KSADP, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, da ayyukan hukumar KNARDA, da binciken Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, duk suna buƙatar tattara bayanan manoma.

A ƙarƙashin waɗannan manyan shirye-shirye akwai ɗimbin ƙananan ƙungiyoyi: na masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Watari da ta Tomas, na mata masu sarrafa gyaɗa, da dillalan da ke kai hatsi kasuwar Dawanau. A wannan mataki ne tsari ya fi rauni, domin yawanci wanda ya fi iya waya a cikin ƙungiya shi ake bar wa komai.

4.0 Ginshiƙan Tsara Asusun Gajimare

4.1 Mallaka

A tsarin gandu, gonar gida ta gida ce, ko da yake mai gandu ne ke jagorancin ta. Gayauna kuwa ta mutum ɗaya ce, yana noma ta a lokacin da ba na aikin gandu ba, amfaninta kuma nasa ne. Rikici yakan tashi ne idan aka zuba hatsin gandu a rumbun gayauna.

Irin wannan ne ke faruwa idan sakataren ƙungiya ya buɗe rajistar mambobi a asusunsa na Gmail. A idon kamfani, asusun da duk abin da ke ciki na sakataren ne. Idan ya rasu, ko ya tafi ci-rani, ko aka samu saɓani da shi, ƙungiya ba ta da wata takarda da za ta nuna a buɗe mata. Akwai kuma haɗarin layin waya, domin ta layin ake dawo da kalmar sirri idan an manta. Layin da aka rufe saboda rashin haɗa shi da lambar NIN, ko wanda ya daɗe ba a yi amfani da shi ba har aka sake sayar da shi, yana iya tafiya da makullin asusun gaba ɗaya. Bugu da ƙari, tun daga watan Disamban 2023 kamfanin Google ya fara aiwatar da ƙa'idar goge asusun mutum ɗaya da ya shekara 2 ba a shiga ba.

Saboda haka matakin farko shi ne a buɗe asusu da sunan ƙungiya ko hukuma, da adireshin imel na muƙami wanda ba ya bin mutum idan ya sauka. A rubuta a kundin tsarin ƙungiya cewa asusun dukiyarta ce, a kuma tanadi aƙalla amintattu biyu da za su iya dawo da shi. Babban makullin asusu, wanda ke iya rufe shi ko canza hanyar biyan kuɗi, a ajiye shi kamar yadda ake ajiye takardar gona, ba a fito da shi domin aikin yau da kullum.

4.2 Iyakoki

Manyan kamfanonin gajimare sun tanadi tsarin hawa-hawa mai kama da na hakimi da dagaci da mai unguwa. A Amazon, tun 2017, ana iya tara asusu da yawa ƙarƙashin uwar ƙungiya guda a kasa su rukuni-rukuni. A Microsoft Azure akwai rukunin gudanarwa, ƙarƙashinsa rajistar biyan kuɗi, ƙarƙashinta kuma rukunin kayan aiki. A Google akwai ƙungiya, sai jakunkuna, sai ayyuka. Sunayen sun bambanta, amma hikimar ɗaya ce: dokar da aka kafa a sama tana sauka kan duk abin da ke ƙasa. Idan aka hana buɗe ma'ajiya ga jama'a tun daga sama, babu wani ma'aikaci a ƙasa da zai iya buɗe ta ko da bisa kuskure.

A ƙaddara wani shiri yana aiki a ƙananan hukumomi uku. Tsarin da ya dace shi ne a raba wurin gwaji da wurin aiki na gaskiya, don kada mai koyo ya goge rajista yana zaton atisaye yake yi. A raba bayanan kuɗi da na gonaki. A kuma ba kowace ƙaramar hukuma sashenta, ta yadda malamin gona na Bagwai zai ga manomansa ba tare da ya kutsa cikin na Minjibir ba. Amfanin iyaka yana bayyana ne ranar da ɓarna ta auku, domin gobarar da ta tashi a gona ɗaya ba ta cinye ƙauye idan an share tsakani.

4.3 Makullai

A gidan manomi ba kowa ke hawa rumbu ba. Mai gida ne ke fitar da dami, matan gida su karɓi na sussuka, yara kuwa su tarar da tuwo. Ƙa'idar gajimare da ta yi daidai da wannan ita ce a ba kowa mafi ƙarancin ikon da zai ishe shi aikinsa. Mai tattara bayanai ya shigar, amma kada ya goge. Mai duba aiki ya karanta, amma kada ya canza. Kuma ikon a rataya shi ga muƙami, domin idan an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki a zare sunansa kawai.

Al'adar raba kalmar sirri guda ga mutum goma ta WhatsApp tana rushe wannan tsari, domin idan aka canza adadin buhunan wani manomi babu yadda za a gane wanda ya canza. Kowa ya kamata ya shiga da sunansa, tsarin kuma ya riƙa ajiye tarihin wanda ya yi me da lokacin da ya yi. Wajibi ne a ƙara tabbaci na biyu bayan kalmar sirri, kamar lambar da manhajar waya ke fitarwa. Daga shekarar 2024 Amazon da Microsoft sun fara tilasta wannan ga masu riƙe da manyan makullai. Dalilin a bayyane yake. A watan Yunin 2014 wani ɗan kutse ya samu shiga shafin gudanarwa na kamfanin Code Spaces a gajimaren Amazon, ya nemi kuɗin fansa, da aka yi yunƙurin ƙwace asusun sai ya goge bayanai har da kwafin ajiyarsu. Kamfanin bai sake tashi ba.

4.4 Alama da Lissafi

A kasuwar hatsi kowane buhu yana ɗauke da alamar mai shi, shi ya sa dillali ba ya rikicewa ko da buhu dubu ne a rumfarsa. A gajimare ma ana liƙa wa kowane abu alama mai nuna sunan aikin da yake yi wa hidima, da wanda ke kula da shi, da ranar da ya kamata a rufe shi. Abin da ba shi da alama ba a sanin mai shi, ba a kuma yarda a goge shi, don haka sai ya zauna yana cin kuɗi.

Hayar gona ana yanke ta sau ɗaya kafin damina, amma ta gajimare tana gudana kamar mitar wuta. Kwamfutar haya da aka bari a kunne tana cin kuɗin awa 720 a wata mai kwana 30, alhali ofishin da ke aiki awa 8 na kwana 22 yana buƙatar awa 176 ne kawai, wato ƙasa da rubu'i. Ga kuma batun canji. Yawancin farashin da dala ake yanka shi. Kafin sakin darajar naira a watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ke nan hidimar dala 200 a wata ta tashi daga kimanin naira 92,000 zuwa 300,000 ba tare da an ƙara komai ba. Ko da yake Amazon ya fara karɓar biya da naira a farkon 2025, hakan bai raba farashin da dala ba. Don haka kowane asusu yana buƙatar kasafi da ƙararrawar da za ta sanar da ma'aji idan an kai rabi, da kuma idan an kusa ƙurewa.

Ko hidimar kyauta ma ba ta da tabbas. Jami'o'in da suka saba da ma'ajiyar Google marar iyaka sun wayi gari a 2022 an taƙaita musu ita, dole suka shiga tantance abin da za su bari. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

4.5 Ajiyar Iri

Manomi ba ya haɗa irin shuka da hatsin ci. Yakan ware zangarniyar da ta fi kyau ya adana ta daban, domin ko rumbu ya ƙone a samu abin shukawa. Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce a riƙe kwafi 3 na bayanai, a kan nau'in ma'ajiya 2, guda 1 kuma a wani wuri dabam.

Tarihi ya tabbatar da hikimar hakan. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu haya suka rasa komai saboda kwafinsu yana harabar da ta ƙone. A watan Mayun 2024 kuskuren saiti ya sa aka goge asusun UniSuper, wata hukumar fansho ta Ostireliya mai mambobi fiye da rabin miliyan, daga gajimaren Google. Abin da ya taimaka wajen ceto ta shi ne kwafin da ta ajiye a wajen wani kamfani. A nan gida kuwa, yankewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a ranar 14 ga Maris, 2024 ta tsayar da ayyuka da dama a Afirka ta Yamma. Ga ƙauyen da sabis ɗinsa ke zuwa yana ɗaukewa, manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba ta tura daga baya ita ce ta dace, kuma buga rajistar mambobi a takarda a ƙarshen kowace kaka ba koma-baya ba ne. Sannan kamar yadda ake gwada iri kafin shuka, haka ya kamata a riƙa gwada dawo da bayanai daga kwafi lokaci-lokaci.

5.0 Doka da Haƙƙin Manomi

A shekarar 2019 hukumar NITDA ta fitar da manufar ƙasa kan hidimar gajimare, wadda ta buƙaci ma'aikatun gwamnati su fara duba gajimare kafin sayen na'urori, su kuma rarraba bayanansu gwargwadon sirrinsu, domin a san wanda dole ya zauna a cikin ƙasa. Kamfanin gwamnati Galaxy Backbone yana da cibiyar adana bayanai a Abuja, an kuma ƙaddamar da wata a Kano a watan Janairun 2023. Manyan cibiyoyin Microsoft da Amazon da Google na nahiyar Afirka kuwa a Afirka ta Kudu aka buɗe su, a 2019 da 2020 da 2024. Zaɓen wurin da bayanai za su zauna yana cikin shawarwarin da shugabanni ya kamata su yanke da saninsu.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta bambanta mai iko da bayanai da mai sarrafa su a madadinsa. Ƙungiyar da ta tattara sunayen manoma ita ce mai iko, kamfanin gajimare kuwa mai sarrafawa ne. Dokar ta ba mutum haƙƙin sanin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure. Ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan an samu kutsen da ka iya cutar da mutane, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga manomi, batun ya wuce tara. Jerin sunaye da lambobin waya da ya faɗa hannun ɗan damfara ya isa a kira mutum da sunansa da sunan ƙauyensa, a ce an fito da tallafin taki, a nemi lambar sirrin katinsa.

6.0 Inda Kwatancen Ya Gaza

Tsarin gandu ya taimaka wajen fahimta, amma akwai wurare uku da gajimare ya saɓa da gona. Na farko, cin iyakar gona maƙwabta na gani, dagaci kuma ya shiga tsakani, alhali iyakar asusu ba ta da shaidu sai tarihin shiga da fita da na'ura ta rubuta, shi ma sai an samu mai dubawa. Na biyu, ɓarawon hatsi yakan bar rumbu da giɓi, amma ɓarawon bayanai yana kwafa ne ya bar komai a wurinsa, ana iya watanni ba a farga ba. Na uku, gado yana da hukunci sananne a shari'a, amma asusu ba ya sauka ga magaji da kansa. Idan wa'adin shiri ya cika, kuɗin masu tallafi ya tsaya, dole ne a ce tun farko an rubuta hukumar da za ta karɓi bayanan, da sigar da za a fitar da su, da wanda zai ci gaba da biya.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gudanar da asusun gajimare ya ginu ne kan tambayoyi biyar: na wane ne, ina iyakarsa, wa ke riƙe da makulli, nawa yake ci, kuma ina irin ajiya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar sayen sabuwar na'ura. Abin da suke buƙata shi ne shugabannin ƙungiyoyi da hukumomi su ɗauki rajistar intanet a matsayin kadara, su riƙa bitar ta a taron shekara tare da rahoton ma'aji. Cibiyoyin ilimi na yankin, irin su Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta da jami'o'in Kano, suna da rawar takawa wajen shigar da wannan darasi cikin horon malaman gona, da kuma daidaita kalmominsa da Hausa, domin manomin da ake rubuta sunansa ya fahimci abin da ya amince da shi. Al'ummar da ta iya riƙe iyakokin gonaki masu yawa a ƙanƙanin fili tsawon zamunna tana da tushen da za ta ɗora wannan sabon tsari a kai, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.